Baƙon Da Ya Ƙwace Gida: Daga Popeye Zuwa Kwaɗin Tawa

Mai karatu, ka ɗauka yau da yamma ka kunna talabijin, sai ka ga Samanja Mazan Fama ya shigo da kakinsa cikin gidan Karkuzu na Bodara, yana ta faɗa, shi kuwa Karkuzu yana ta kame-kame. Na tabbata ba za ka tashi daga wurin ba, ko da an kira ka tuwo. Dalili kuwa shi ne kowannensu ka san shi a gidansa, ka san halinsa, amma ba ka taɓa ganin yadda za su kwashe ba idan aka haɗa su a tabarma ɗaya. Wannan ɗokin da ka ji, masu finafinan zane na Amurka sun gano shi tun shekara 90 da suka wuce, kuma sun ci kasuwa da shi.

A wannan wata za mu ɗan ajiye labarin 'yan wasanmu, mu leƙa tarihin finafinan zane, waɗanda yara ke kira katun. Kada ka ce abin yara ne ka juya shafi. Ka yi haƙuri ka biyo ni, musamman idan kai mutumin Sabon Birni ne ko Isa, domin labarin zai faro daga birnin New York, amma a kusa da ƙofar gidanku zai sauka.

YADDA AKE KALLON KATUN A DA

Da farko ka sani cewa katun ba a talabijin aka haife shi ba. A Amurka ta shekarun 1930, idan mutum ya sayi tikitin silima, kafin a sako babban fim sai an nuna masa labaran duniya, sannan a nuna gajeren katun na kamar minti 7. Manya da yara duk tare suke kallo, shi ya sa za ka tarar da barkwanci irin na manya a cikin tsofaffin katun.

Aikin kuwa ba ƙarami ba ne. Injin silima yana wuce da hoto 24 a cikin kowace daƙiƙa, wato fim na minti 7 yana ɗauke da hoto sama da 10,000. Ko da an maimaita kowane zane sau biyu, kamar yadda aka saba yi don rage wahala, sai an zana dubbai da hannu. Saboda haka kamfani ba ya ɗaukar sabon tauraro da ka. Idan 'yan kallo suka ƙi shi, an yi asarar aikin watanni.

Manyan masu wannan sana'a a lokacin su ne Walt Disney mai Mickey Mouse a can Kalifoniya, da kuma wasu 'yan'uwa biyu, Max da Dave Fleischer, a New York, waɗanda kamfanin Paramount ke rarraba musu finafinai. Tauraruwar su Fleischer ita ce Betty Boop, wata yarinya mai ƙaton kai, manyan idanu da guntun siket. Ta fara fitowa a 1930 cikin Dizzy Dishes, kuma abin dariya, a lokacin kunnuwan kare gare ta. Daga baya ne aka mayar da kunnuwan suka zama 'yan kunne, ta koma mutum sosai.

RANAR DA BAƘO YA SHIGO

A gefe guda kuma akwai wani mai zanen barkwanci a jarida, E. C. Segar, wanda ke da shafi mai suna Thimble Theatre. A ranar 17 ga Janairu, 1929, ya shigo da wani ma'aikacin jirgin ruwa mai ido ɗaya a kanne, da lofe a baki, da damatsa kamar turmi. Sunansa Popeye. Da niyyar ya yi ɗan taƙaitaccen aiki ya wuce aka kawo shi, amma masu karatu suka riƙe shi, har ya zama shi ne mai shafin.

Su Fleischer suka nemi izini daga kamfanin King Features, mai haƙƙin mallakar zanen, don su sa Popeye ya motsa a silima. To amma wa ya san ko wanda ya yi farin jini a takarda zai yi a majigi? Sai suka yi dabara. Gidajen silima sun riga sun saba karɓar finafinan Betty Boop, saboda haka sai aka saka baƙon a cikin jerin finafinanta. A ranar 14 ga Yuli, 1933, aka saki fim mai suna Popeye the Sailor, amma a rubuce an ce katun ɗin Betty Boop ne.

Ga yadda labarin yake. Fim ya buɗe da jarida mai ɗauke da labarin cewa Popeye ya zama ɗan fim, sai hotonsa da ke jikin jaridar ya motsa, ya kama waƙa yana yawo a kan jirgi, duk abin da ya kai wa naushi sai ya tarwatse. Da suka sauka a gaɓa, ya ɗauki budurwarsa Olive Oyl, doguwa siririya kamar sillen kara, suka tafi filin shagali. Wani ƙato mai gemu, Bluto, ya bi su yana neman ƙwace ta, suka yi ta gwada ƙarfi a wasanni iri-iri. Can sai ga Betty Boop a kan dandamali, da shigar ciyawa irin ta mutanen tsibiran tekun Pasifik, tana rawa. Popeye ya haye ya taya ta. Kafin ya ankara, Bluto ya sure Olive ya kai ta kan titin jirgin ƙasa ya ɗaure. Da faɗa ya yi faɗa, Popeye ya zazzage gwangwanin alayyafo a baki, ƙarfi ya zo masa, ya gama da Bluto, sannan ya tari jirgin da naushi ɗaya ya wargaza shi.

Ka lura da abu ɗaya, mai karatu. Mai gidan, wato Betty, ba ta fito ba sai a wannan 'yar rawar. Kai, ko rawar ma ba sabuwa ba ce. Daga wani fim ɗinta na 1932, Betty Boop's Bamboo Isle, aka ɗauko ta. Can ma asalinta rawar wata mace ce ta gaske da aka ɗauka a kyamara, aka riƙa bin sawun hoton ana zanawa ɗaya bayan ɗaya, da wata na'ura da Max Fleischer ya ƙirƙira tun wajen 1915. Wato dai an ari sunanta ne kawai aka buɗe wa baƙo ƙofa.

Dabara ta yi aiki fiye da yadda aka zata. Kafin shekarar ta ƙare, Popeye ya sami jerin finafinansa na kansa, kuma daga 1933 zuwa 1942 su Fleischer sun yi masa sama da 100. A 1937 manoman alayyafo na garin Crystal City a jihar Texas har mutum-mutuminsa suka kafa, don godiya.

Betty fa? Allah Sarki. Daga tsakiyar 1934 aka fara tsananta dokar tace finafinai a Amurka. Aka tsawaita mata siket, aka rufe mata kafaɗu, aka mayar da ita mai sharar gida da renon ɗan kwikwiyo. Wanda ya ga yadda aka yi ta kai ruwa rana a kan rawa da shiga bayan kafa Hukumar Tace Finafinai ta Jihar Kano a 2001, zai gane cewa wannan muhawara ba a kanmu aka fara ta ba. Su Fleischer sun sake gwada tsohuwar dabarar, suka kawo mata wasu baƙin daga jaridu: Henry a 1935, sai Little King da Little Jimmy a 1936. Babu wanda ya kama. A 1939 aka rufe jerin finafinanta. Baƙon da ta yi wa masauki shi ya gaje gidan.

KOWA DA UBANGIDANSA

Haɗa taurari na gida ɗaya abu ne mai sauƙi. A 1940 kamfanin Warner ya saki You Ought to Be in Pictures, na darakta Friz Freleng. A ciki, agwagwar nan mai baƙin ciki, Daffy Duck, ta zuga Porky Pig ya je ofishin mai kamfani, Leon Schlesinger, wanda ya fito da kansa a fim ɗin, ya ce a yaga kwantaraginsa zai tafi manyan finafinai. Porky ya fita ya sha wuya, ya dawo ya tarar da Daffy yana neman kujerarsa. Abin da ya ƙara wa labarin gishiri shi ne, shi kansa Freleng ya taɓa barin kamfanin ya koma MGM, abin bai yi masa daɗi ba, ya dawo. 'Yan fim ɗinmu masu sauya kamfani duk bayan sallah, ga madubi nan.

Amma haɗa na wannan gida da na wancan, nan ne gizo ke saƙar. Kowane zane dukiyar wani ne, da lauyoyi a bayansa. A 1945, lokacin da Gene Kelly ya so ya yi rawa da ɓeran katun a fim ɗin Anchors Aweigh, Mickey aka fara nema, ba a samu ba, sai aka ɗauko Jerry na Tom and Jerry, tunda shi ɗan gidan MGM ne.

Sai a 1988 aka ga abin da mutane suka daɗe suna jira, a fim ɗin Who Framed Roger Rabbit na darakta Robert Zemeckis. Steven Spielberg ne ya shiga tsakani aka shawo kan kamfanoni. Warner ta yarda ta ba da aron taurarinta, bisa sharaɗin kada na Disney su fi su daɗewa a fuskar majigi. Shi ya sa Mickey Mouse da Bugs Bunny suka fito tare suna faɗowa daga sama, suka kuma fita tare, haka Donald Duck da Daffy Duck suka yi gasar kaɗa fiyano fuska da fuska. Betty Boop ma ta fito, ita kaɗai baƙi da fari a cikin masu launi, tana aiki a gidan rawa, kuma Mae Questel, wadda ta yi mata murya tun shekarun 1930, ita ta sake yi mata. Popeye kuwa bai samu shiga ba, domin ba a daidaita a kan haƙƙinsa ba. Ka ga ikon Allah: bayan shekara 55, ita ta samu kujera, shi aka bar shi a waje.

Sai a 'yan shekarun nan igiyar ta fara sassautawa. A dokar Amurka, aikin wancan zamani yana fita daga hannun mai shi bayan shekara 95. Mickey na fim ɗin Steamboat Willie na 1928 ya zama na kowa a ranar 1 ga Janairu, 2024, Popeye na zanen 1929 ya biyo baya a 2025. Siffofinsu na farko ke nan kawai, na baya suna nan a hannun kamfanoni.

MU DAWO GIDA

To, mai karatu, mu nan ta yaya abin ya iso mana? Gidan silima na Rex ya buɗe a Kano a 1937, amma mutanen karkara sun fi sanin motar majigi, wadda ke zuwa ta kafa farin ƙyalle a ƙofar fada ta nuna finafinan tsafta da noma, irin su Baban Larai. Yawancinmu katun a talabijin muka san shi, sannan a kaset ɗin bidiyo. Shi ya sa muka ɗauka abin Turawa ne da aka yi don a rarrashi yara.

Amma ka tsaya ka auna. Daga Sabon Birni, idan ka tsallaka iyaka ka bi ta Madawa, za ka isa Tawa a ƙasar Adar. Idan a miƙe aka auna, Tawa ta fi Kano kusa da Sabon Birni. Iyakar nan kuwa Gobirawa sun san ba ta raba jini ba, tunda ga Tsibiri can kusa da Maraɗi, ga Sabon Birni da Isa nan, ga kufan Alƙalawa. A garin Tawa ne wani bawan Allah ya yi shekarunsa na ƙarshe, yana da otal, yana kuma da ɗakin da yake haɗa finafinan zane da na 'yar tsana. Sunansa Mustafa Alasan, a takardun Faransanci ana rubuta Moustapha Alassane. Duk inda ake lissafin waɗanda suka fara fim ɗin zane a Afirka ta Yamma, sunansa na kan gaba.

An haife shi a 1942 a N'Dougou, Jamhuriyar Nijar. Makanike ne tun farko, kuma tun yana yaro yake nishaɗantar da mutane da wasan inuwa da fitila. A Yamai ya haɗu da Bafaranshen nan mai ɗaukar finafinan al'adu, Jean Rouch, wanda ya buɗe masa hanya har ya je Kanada ya ga aikin gwanin zane Norman McLaren. A 1962 ya yi Aouré, wato aure. A 1965 ya fito da katun ɗinsa La Mort de Gandji, labarin wani sarkin kwaɗi da fadawansa.

A 1966 ya yi wanda ya fi shahara, Bon Voyage Sim, ɗan gajeren fim na kamar minti 5, baƙi da fari, zane mai sauƙi kamar na allo. Sim shugaban jamhuriyar kwaɗi ne. An gayyace shi ziyarar aiki a wata ƙasa, sai ga jirgin sama, ga faretin soja, ga jawabai, ga duk wani tsarabe-tsarabe na sababbin shugabannin Afirka, amma duk kwaɗi ne ke yi. Ka tuna wace shekara ce wannan. A watan Janairunta sojoji suka kifar da gwamnati a Upper Volta, a ranar 15 ga wata aka kashe Sardauna da Tafawa Ɓalewa a Nijeriya, a Fabrairu aka tumɓuke Nkrumah a Gana. A irin wannan lokaci, mutum ya zana shugaban ƙasa a siffar kwaɗo mai kumbura, ai ka san ba wasan yara yake yi ba. Abin da mawaƙan fada irin su Narambaɗa, mawaƙin Sarkin Gobir na Isa Amadu, suke yi da habaici da zambo, su siffanta mutum da dabba kowa ya gane ba a kama suna ba, shi Alasan ya yi da alƙalami.

A wannan shekarar dai ya yi Le Retour d'un aventurier, da mutane na gaske, ciki har da Zalika Souley da Djingarey Maïga. Wani saurayi ya dawo daga Amurka da akwati cike da kayan kaboyi, ya raba wa abokansa, suka hau dawaki suka addabi ƙauye. Ka ga nan ma baƙo ne daga wata duniyar labari ya faɗo cikin tamu, kuma Alasan ya nuna abin da ke biyo baya idan matasa suka ari rigar fim suka manta da cirewa. A 1977 ya yi Samba le Grand da 'yan tsana, masu launi, ana matsa su kaɗan-kaɗan ana ɗauka.

Wanda ya fi dacewa da zancenmu shi ne Kokoa. Ka sake karanta sunan da kyau: kokawa ce. Kwaɗin da ya daɗe yana wasa da su tun zamanin Gandji da Sim, a nan ya tara su a fili ɗaya da hawainiya da tsuntsaye da sauran halittu, ga 'yan kallo, ga makaɗa, ana kamawa ana kayarwa. Duk wanda ya taɓa tsayawa a filin kokawa bayan kaka a ƙasar Gobir ko Adar zai gane komai ba sai an fassara masa ba. A Tawa ɗin ne ma aka fara gasar kokawa ta ƙasa ta Nijar a 1975, wadda Kantu na Maraɗi ya lashe. Alasan bai nemi izinin wani kamfani ba kafin ya haɗa kwaɗo da hawainiya, domin ba su da ubangida.

Ya shugabanci sashen fim na Jami'ar Yamai na tsawon shekara 15. A 2007 Faransa ta ba shi lambar girmamawa a bikin finafinai na Cannes. Ya rasu a Wagadugu ranar 17 ga Maris, 2015, kuma a 2017 gidan adana kayan fasaha na MoMA da ke New York ya ware kwanaki ana nuna finafinansa. Wato a garin da aka haifi Betty Boop an zauna an kalli kwaɗin Tawa. Kai da ke Isa, ka taɓa ganin ko ɗaya?

GIZO BA SHI DA LAUYA

Ga inda nake son ka tsaya ka yi tunani. Abin da Amurkawa suka yi shekara da shekaru suna ciniki a kai, kakarka ta daɗe tana yin sa kyauta a tsakar gida. A daren yau Gizo ya cuci Kura, gobe ya haɗu da Zaki, jibi Dila malamin daji ya shigo, Ƙoƙi tana gefe, Botorami na jira. Kowannensu yaro ya san halinsa kafin a buɗe baki, kuma daɗin tatsuniyar shi ne a ga yadda za su kwashe. Wannan shi ne ainihin abin da ya sa Bature ya sayi tikiti a 1933.

Kuma kayan a rubuce suke. Frank Edgar ya buga Litafi na Tatsuniyoyi na Hausa, juzu'i 3, tsakanin 1911 da 1913, da yawa daga cikinsu daga lardin Sakkwato aka tattaro su. Marigayi Farfesa Ibrahim Yaro Yahaya ya fito da jerin Tatsuniyoyi da Wasanni a farkon shekarun 1970. Tun daga Turmin Danya a 1990 masana'antarmu ta yi finafinai ba iyaka, amma ka ƙirga nawa ne a ciki suka ba Gizo matsayin da Paramount ta ba Popeye. Yaron da ke Gatawa ko Tsamaye yau ya san Tom and Jerry a wayar yayansa, a daidai lokacin da rashin tsaro na 'yan shekarun nan ya tashi ƙauyuka da dama a gabashin Sakkwato, ya rage hirar dare da wasan dandali inda ake jin tatsuniya. Idan tsofaffin da suka san labaran suka tafi, yaran kuma ba su gan su a allo ba, wa zai riƙe su?

Ba kuɗi ne babban cikas ba. Alasan da kayan da ya harhaɗa da hannunsa ya fara, a lokacin da sai an aika fim ƙasar waje a wanke. Yau matashi mai kwamfuta ɗaya da haƙuri zai iya yin minti 5. Marubutanmu na littattafai kuma, ku ne za ku ba shi labarin, domin zane ba ya tsayawa sai da hali: Popeye bai ci kasuwa don kyau ba, halinsa aka sani tun a jarida, shekara 4 kafin ya motsa.

Saboda haka, mai karatu, idan ka samu intanet mai ƙarfi, ka nemi Popeye the Sailor na 1933, ka ga 'yar rawar da Betty ta yi a fim ɗin da ake cewa nata ne. Daga nan ka nemi Bon Voyage Sim da Kokoa, ka kira yaran gida ku kalla tare, ka gaya musu maƙwabcinku ne ya yi. Idan an gama, ka tambaye su wa suke ganin zai yi nasara in aka haɗa Gizo da Bugs Bunny a fili ɗaya. Ni dai na san inda zan sa kuɗina.

Allah Ya jiƙan Mustafa Alasan, Ya kawo mana zaman lafiya a ƙasar Gobir da sauran ƙasa baki ɗaya. Mu haɗu a fitowa ta gaba, in Allah Ya kai mu.